Bidiyon Baba da Keke

Akwai wani mai gyaran kwamfuta da 'yan gidansu ke kira Sauri. Ko shayi a tsaye yake sha. Amma fa yana da kirki, wannan ko maƙiyinsa ya shaida.

Wata rana ya sayo wata 'yar kwamfuta da ba ta wuce tafin hannu ba, tsirara, ko murfi babu. Niyyarsa ya haɗa ta da talabijin ɗin falon Umma, ta riƙa kallon hotunan iyali. Abin da Umma ta fi ƙishirwar gani shi ne bidiyon marigayi Baba, ranar da ya hau keken jikansa ya faɗa cikin shukoki yana ta dariya. A wani tsohon faifan ajiya kaɗai bidiyon yake.

Sauri ya sayo sabon faifai, baƙi kamar tsohon. Zai raba shi gida biyu, ɗaki ɗaya na aikin kwamfutar, ɗaya na hotuna. Kafin a raba kuwa sai an share faifan tas.

Yana baza wayoyi a kan tabarma sai ga Gwaggo, ƙanwar Baba.

"Ɗan nan, sa min bidiyon Yaya a wayata."

"Gwaggo, ki bari in gama haɗa wannan mana."

"Ni da ke da ciwon gwiwa, yaushe zan sake dawowa?"

Ya duba wayar, ta cika maƙil da hotunan furanni masu cewa barka da safiya. Ransa ya so ya ce gobe. Amma da ya ga yadda ta zuba masa ido, sai ya zauna yana gogewa, ita kuma tana gardama a kan kowane fure. Da ƙyar aka sami wuri, ya tura mata, ta tafi tana sa masa albarka.

Ya koma aiki da faifan biyu a jone. A allo, harafi ɗaya ne ya bambanta sunayensu. Da ya ba da umarnin sharewa, kwamfutar ta tambaye shi ko ya tabbata, Sauri ko karantawa bai yi ba ya danna.

Da ya buɗe tsohon faifan, wayam! Ashe shi ya share, ba sabon ba. Sauran hotunan suna wayoyin ƙannensa, amma bidiyon Baba fa?

Umma ta leƙo. "An gama? Na shimfiɗa darduma a gaban talabijin."

Sai Gwaggo ta faɗo masa a rai. Ya kira ta nan take.

"Gwaggo, don Allah kar ki taɓa komai a wayar nan!"

Ta sheƙe da dariya. "Ka makara. Tun ina bakin ƙofa na tura wa dangi kaf, har mai ɗinkina."

A karo na biyu, sai da ya cire tsohon faifan ya kai shi ɗaki kafin ya raba sabon, ya sa bidiyon da Gwaggo ta turo masa a ciki. Da yamma falo ya cika. Baba ya hau keke, ya karkace, ya faɗi, Umma tana dariya tana share hawaye tana cewa a maimaita.

Darasi: Sauri kan haifi nawa, amma alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. In babba ya roƙe ka abu, yi masa yau, wataƙila kanka kake yi wa. Ku tura wa 'yan uwa, kamar yadda Gwaggo ta yi.