Manomin da Ya Karanta Katin Awo Daga Dama

Akwai wani manomi mai yawan zargi, wanda ko inuwarsa bai yarda da ita ba. In kaza ta yi ƙwai huɗu, sai ya ce biyar ta yi, wani ya ɗauke ɗaya.

Yana da 'ya ƙarama wadda ta yi fama da zawo bayan yaye, har ta rame ƙwarai. Matarsa takan kai ta awo asibiti kowane wata. In an auna yarinyar, sai ma'aikaciyar asibiti ta ɗiga alama a kan kati, ta ja layi ta haɗa da ta watan baya. Ta kuma koya wa uwar yadda ake dama kunun gyaɗa da waken soya.

Manomin bai so wannan zirga-zirga ba. Me ake ɗura wa 'yarsa? Me ake rubutawa a kanta? Ran nan matar ta tafi rijiya, sai ya zaro katin daga cikin kwanonta. Shi kuwa karatun ajami ya yi tun yana yaro, wanda ake farawa daga dama. Da ya sa yatsa a gefen dama na katin, sai ya ga layi ya tashi daga can sama, ya gangaro cikin rami, ya ɗan ɗaga, sa'an nan ya zarce ƙasa. Sai ya ɗauka 'yarsa ramewa take ta yi, ga shi kuwa yana ƙaunar yarinyar nan kamar ransa.

Da matar ta dawo ya ce, "Ashe kashe mini 'ya kuke yi, kuna ɓoyewa? Daga yau ba awo, ba kunun nan."

Ta ce, "Maigida, ɗauke ta mana ka ji nauyinta."

Ya ce, "Takarda ba ta ƙarya."

Wata biyu ya hana. Da ya ga yarinyar ta soma yaushi, sai ya ce a ransa, ai ga shaida. Ya saɓa ta a kafaɗa, ya tafi asibiti domin ya tona musu asiri.

Ma'aikaciyar ta bar shi ya gama faɗansa, sa'an nan ta ce, "Baba, nuna mini inda ka fara karantawa."

Ya nuna dama. Ta nuna masa hagu.

"Nan aka haife ta, ga watanni a jere a ƙasa. Nan tana hawa. Wannan ramin, lokacin zawo ne. Daga nan kuwa duba, hawa take ta yi har sama."

Ta ɗora yarinyar a kan ma'auni, ta ɗiga sabuwar alama. Alamar ta faɗo ƙasa da ta ƙarshe. Ta ja layin, ta miƙa masa katin.

"Wannan gangarar kam, Baba, kai ka zana ta."

Kunya da baƙin ciki suka rufe manomin.

Ma'anar wannan misali ita ce, rayuwar kowane ɗan'uwa layi ce mai hawa da sauka, Allah kuwa daga farko yake karanta ta. Mu ne muke farawa daga inda zargi ya ajiye yatsanmu. Ga wanda ya bar shan giya bara, yau kun gan shi a zaune kusa da masu sha, har kun gama yanke masa hukunci a bakin ƙofar majami'a. Kun tambayi ramin da ya fito? Kun duba ko hawa yake yi? Ina faɗa muku, abin nan yana ba ni tsoro, domin na sha ganinsa a cikinmu. Mutum yana ta hawa da ƙyar, mu janye masa gaisuwa da zumunci, ranar da ya faɗi kuma mu ce dama mun faɗa. Ubangiji zai tambaye mu wanda ya ture shi.