Giginyar da Ba Ta Haihuwa

An yi wani sarki, Jatau, wanda a ƙasarsa kurmi ɗaya ya rage mai giginya. Da ya ga magina na neman ƙarar da su, sai ya yi doka: duk giginya mai 'ya'ya haramun ce ga gatari, wadda ba ta haihuwa kuwa a sare ta a yi azara.

Bayan 'yan shekaru giginyun da aka kare suka daina 'ya'ya. Fadawa suka ce Dangana, mai tsaron kurmin, shi ke kwashewa yana binnewa, yana sayar da muruci. Sarki ya ce da Waziri Haladu, "Ka gano mini dalili kafin Juma'a, in ba haka ba Dangana ya bar ƙasata."

Waziri ya shiga kurmi tare da mai tsaron, zuciyarsa ba daɗi, domin ya san Dangana da amana, amma ba shi da hujja. Ya yi ta ratsa kututture har ya kai wata tsohuwar maƙabarta, inda ya tarar da giginyu sun yi 'ya'ya jingim, a tsakiyarsu ga wata doguwa da ba ta da ko ɗaya.

Waziri ya ce, "Wannan fa, ya aka yi ta tsira?"

Dangana ya ce, "Ranka ya daɗe, magina sun fi tsoron masu kwanciya a nan a kan sarki."

Waziri ya tuna da fataken Agadas, yadda suke ɗaura furen namijin dabino a kan mace don ta yi 'ya'ya. Washegari ya kawo sarki wurin, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, giginya ma akwai namiji akwai mace. Dokar ta kare matan, ta miƙa mazan ga gatari. Wannan kaɗai ya saura, ga kuma aikinsa."

Sarki ya daɗe yana duban itacen, sannan ya ce, "Ashe ɓarawon da nake nema dokata ce." Ya hana saran kowace giginya, ya nemi afuwar Dangana, ya ba shi 'ya'yan giginyun maƙabartar ya shuka, ya yafa wa Waziri alkyabba. Damina ba ta fita ba sai da tsiro ya kewaye kututturen.

Ka sani, ya kai mai karatu, adalcin da ya tsaya ga wanda amfaninsa ke bayyane bai cika ba, sai ya kai ga wanda amfaninsa ke ɓoye.