Ƙwaryar Yalwa da Ciyawar Teku

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!

Ta zo mu ji ta, Iya.

Wata mata ce, Yalwa, mai zanen ƙwarya a zangon bakin teku. Uwarta Marka ta tsufa, ido ya tafi. Ɗan Marka ya zo zai mai da ita gida Arewa, saura kwana uku. Tsohuwa ta ƙi ci, ta ƙi sha.

Yalwa ta ce, "Inna, mene ne?"

Tsohuwa ta ce, "Ciyawar tekun nan ce. Shekara arba'in ina kallon rawarta in na je taryen masunta. Ga shi zan tafi ba sallama."

Yalwa ta ruga ta tsinko ciyawar. Tsohuwa ta shafa, ta ce, "Wannan ai gawa ce."

Kashegari Yalwa ta zauna a gaɓa, ta kalla, ta zana a ƙwarya. Zane kam ya yi kyau. Tsohuwa ta shafa, ta ce, "Wannan ai gamba ce, ga ta tsaye ƙiƙam."

Rana ta uku Yalwa ta shiga ruwa har ƙugu tana kuka. Sai ciyawa ta ce, "Ke, ruwan nan da gishirinsa, kar ki ƙara mana!"

Yalwa ta ce, "Uwata Marka za ta tafi gobe."

"Mai wushiryar nan? Ina ta shige muka daina ganinta?"

"Ba ta gani."

"Ayya! To ke ma rufe naki idon. Miƙo hannu."

Yalwa ta rufe ido. Ciyawa ta naɗe mata yatsu, ta yi gaba, ta yi baya, ta lanƙwasa, ta saki.

Yalwa ta koma gida, ta sa wuƙa a wuta, ta zana abin da hannunta ya ji a jikin wata ƙwarya. Maƙwabta suka ce zanen ya karkace. Ku ji mutane fa, wa ya tambaye su?

Tsohuwa ta bi zanen da yatsa, ta bi, ta bi, sai kafaɗarta ta fara rausaya. Ta ce, "Wayyo, ga ta!" Ta yi kuka, ta yi dariya. Ta kara baki a ƙwaryar ta ce, "Sai wata rana, ƙawata." Sannan ta juyo: "Yalwa, dama mini fura a ciki, yunwa nake ji."

Ƙurunƙus kan ɗan ƙaguwa! Ba don gizo ba, da kun ce ƙarya na shara muku. In za ka yi wa mutum kyauta, auna ta da zuciyarsa, ba da idonka ba.