Ankon Bikin Fauziyya

Akwai wata mata a garin Karaye, Hajiya Asma'u mai atamfa. Duk wadda ta yi biki tsakanin Karaye da Rogo, da wuya a ce ankonta bai fito daga shagon Hajiya ba. Allah ya ba ta ido. Zani ya gifta daga nesa, za ta faɗi sunansa, da shekarar da ya fito, da bikin da aka yi ankonsa. Matsalar ita ce, bakinta ba ya iya riƙe abin da idonta ya gani.

'Yarta ɗaya, Bushra, tana ajin ƙarshe a wata sakandaren 'yan mata ta jeka-ka-dawo. Babu abin da ke ƙona ran Hajiya kamar ta ga Bushra da safe cikin yunifom, riga da wando na koren yadi da farin hijabi.

Kullum sai ta ce, "Ni da nake tufatar da amaren gari, 'yata ce a cikin wannan yadin? Ko labule ba zan yi da shi ba."

Ranar taron iyaye da malamai ta miƙe ta ce a soke yunifom, ai ilimi a ka yake, ba a riga ba. Shugabar makaranta, Malama Mubina, ta yi iya bayaninta, amma Hajiya ta zo da magoya baya, kuma ta fi kowa murya. Aka tashi a kan a gwada: duk ranar Juma'a kowace yarinya ta zo da kayan gida.

Juma'ar farko makaranta ta koma kamar ranar Sallah. Bushra ta sha leshi, Hajiya kuwa ta wuni baki har kunne.

To, Bushra tana da ƙawa, Hidaya, 'yar wani manomi a ƙauyen Zoza, tana zaune wurin gwaggonta a Karaye saboda karatu. Benci ɗaya suke zama. Kayan gidanta duk sun koɗe, don haka a Juma'ar farkon nan ta ce kanta na ciwo, ta ƙi fita. Amma ba ta da damar ci gaba da fashi. Ranar Juma'a ake yi wa 'yan ajin ƙarshe gwaji, kuma makaranta ta sanar cewa duk wadda ta yi wasa da gwajin ba za ta zauna jarrabawar fita ba.

Da Juma'a ta zagayo, gwaggon ta buɗe akwati ta ɗauko atamfar da ta fi ji da ita. Rigar ta yi wa Hidaya yawa, aka kama ta da fil. Ta duba madubi ta ji daɗi, ta tafi.

Da aka tashi, 'yan mata suka biyo ta gaban shagon Hajiya kamar kullum, suna gaishe ta. Idonta ya faɗa kan Hidaya, ta tafa hannu.

"Ikon Allah! Ankon bikin Fauziyya nake gani? Fauziyyar da ɗanta na fari ya gama firamare? Ashe akwai sauransa a duniya!"

'Yan mata suka fashe da dariya. Hajiya ma ta yi, don a wurinta raha ce kawai, ta juya ta ci gaba da cinikinta. Ba ta ga yadda Hidaya ta sunkuyar da kai ba.

Kafin tsakiyar mako, sunan Hidaya a makaranta ya koma "Ankon Fauziyya". Ta haɗa kayanta ta koma Zoza.

Safiyar Juma'a Hajiya ta shimfiɗa wa Bushra sabon ɗinki a kan gado. Sai ga yarinya ta fito cikin koren yadin nan, gogagge tsaf.

"Ke, yau Juma'a ce fa."

"Na sani, Umma."

"To koma ki cire min wannan tsumman."

Bushra ta durƙusa. Amma ba ta janye ba.

"Umma, ki gafarce ni. Kullum ina jin kina gaya wa masu saye cewa amfanin anko shi ne a shiga biki ba a gane mai shi da marar shi ba. Mu ma wannan ne ankonmu. Tun da aka cire shi Hidaya ta tafi, kuma maganarki ce ta kore ta. Idan ta sake rasa gwaji, karatunta ya tashi a banza."

Hajiya ta yi faɗa har maƙwabta suka leƙo. Bushra ta saurara har ta gama, ta ce, "Sai na dawo, Umma," ta fita da yunifom ɗinta.

Wata Juma'ar ta zagayo. Hajiya na zaune a shago ta ga 'yan mata na wucewa, kore ya fi atamfa yawa. Har 'yan ajin da suka yi wa Hidaya dariya sun bi sahun Bushra, ba malamin da ya sa su. Kunya ta kama Hajiya, irin wadda ba ta taɓa ji ba.

Washegari ta rufe shago, ta sa sababbin atamfofi a leda, ta shiga motar Rogo ta sauka, ta hau babur zuwa Zoza.

Ta tarar da mahaifin Hidaya, Malam Tsoho, yana shanya barkono a ƙofar gida. Suka gaisa, ya gida, ya iyali, ya amfanin gona, ya hanya. Sannan ta faɗi ko wace ce ita, ta tura masa ledar.

Ya dubi ledar, ya mayar mata a hankali.

"Hajiya, mun gode, Allah ya saka. Amma ba rashin zani ne ya dawo da ita ba, magana ce. Ni ban cire ta daga makaranta ba. Ita ta ce gara ta taya ni tsinkar barkono da a riƙa nuna ta da baki."

Hajiya ta ajiye ledar gefe. Ta roƙi a kira mata yarinyar. Da Hidaya ta fito za ta durƙusa, sai Hajiya ta riƙo hannunta.

"'Yata, ni ce na yi laifi. Bakina ya cuce ki a gaban ƙawayenki. Ki yafe mini, ki dawo ki yi jarrabawarki."

Hidaya ta share hawayenta. Can ta ce, "Hajiya, to ranar Juma'a fa?"

"Bakin da ya ɓata shi ne zai gyara."

Haka kuwa aka yi. Hajiya ta sa aka kira taron iyaye, ta miƙe a inda ta tsaya a da, ta ce ta yi kuskure, a mayar da yunifom har ranar Juma'a. Malama Mubina ta bar Hidaya ta rama gwaje-gwajen da suka wuce ta, kuma ta zauna jarrabawar fita a benci ɗaya da Bushra.

Bayan nan wata mai sayen atamfa ta so ta tsokani Hajiya, ta ce, "Hajiya, ashe 'yarki ta kayar da ke?"

Hajiya ta ajiye almakashi, ta gyara zama.

"Ta kayar da ni, kuma a gaban kowa. Ki je ki faɗa ko'ina, ni na haife ta."

Darasi: Yunifom yana rufa wa ɗan talaka asiri, yana kuma koya wa ɗan mai hali cewa a aji kowa ɗaya ne. Ka auna rahar da za ka yi kafin ta fito, don tana iya raba wani yaro da karatunsa. Idan kuma ɗanka ya gaya maka gaskiya cikin ladabi, ka karɓa da alfahari. Ku tura wa iyaye da malamai su ma su karanta.