Tallar Sabulun Balbela da Kujerar Alhaji Labbo

To, ku gyara zama, ku kife wayoyin nan tukuna. Ga wata nan gare ku, kuma ba ta sa barci ba ce, ta gardama ce. In na kai ƙarshe ku ne alƙalai.

A Gusau an yi wani dattijo, Alhaji Labbo, mai ƙaramar masana'antar sabulun wanki da ya raɗa wa suna Balbela. Sabulu ne mai kyau, amma kyau bai hana kasuwa juya masa baya ba. Manyan kamfanoni suka cika kantuna da garin sabulu mai ƙamshi, nasa kuwa ya taru katan-katan a sito har ɓeraye suka fara ɗanɗanawa. Ga ma'aikata masu iyali suna kallonsa, ga gwiwoyinsa sun fara yi masa gardama. Da abin ya ishe shi sai ya kira 'ya'yansa uku, Nomau babba, da Kulu, da autansu Junaidu, ya ce, "Na gaji. Wanda duk ya tsamo masana'antar nan daga halin da take ciki, shi zan bar wa kujerata." Da ya san abin da maganar nan za ta jawo masa, da ya haɗiye ta da ruwa.

Junaidu ne ya fara motsi, don shi ya karanci harkar talla a makaranta, kuma tun da ya dawo yake neman inda zai sauke karatun. Bai shawarci kowa ba ya je ya samo Guduma, ɗan damben da duk garin ke tsoron hannunsa, ya lallashe shi aka ɗauki bidiyo. Ga Guduma tsugune a tsakar gida, matarsa tana jego a ɗaki, shi kuma yana cuɗa tsumman jariri cikin kumfa da wannan hannun na dama da yake ɗaure wa zare ya kayar da maza. Sai ya ɗago kai ya ce, "Namiji ne ni a fage, namiji ne ni a nan." Aka sa a talabijin, aka kafa hoton a allon talla na bakin tasha.

Alhaji Labbo a wayar wani ya fara gani, a majalisarsu ta bayan Azahar, kuma wanda ya miƙo masa wayar bai miƙo ta don alheri ba. Kafin ya gama kallo majalisa ta rabe. Wasu suka ce an ci mutuncin maza, me ya haɗa mai sayar da sabulu da wa'azi? Wasu suka ce ai masu wanki da guga na garin nan duk maza ne, ba wanda ya taɓa ce musu mata. Aka ce wannan sana'a ce, biyansu ake yi. Aka ce ashe ke nan wankin rigar baƙo mutunci ne, na ɗan cikinka abin kunya? Mata suka yi ta bugo waya gidan rediyo suna sa wa Guduma albarka, maza suna bugowa suna ce masa mijin-ta-ce. Alhaji ya dawo gida kamar zai fashe, ya ce wa Junaidu, "Kai, ni sabulu na ce a sayar mini! Yaushe na ce a gyara mini mazan Gusau?" Amma gaskiya ɗaya ce, sabulun da jiya ba wanda ya tuna da shi, yau sunansa yana bakin kowa, har yara in sun ga namiji da bokiti sai su bi shi da "Balbela! Balbela!"

Sai dai suna ba ya tuƙa inji. Masu kantuna maza ne, kuma a majalisun nan suke zama. Suka haɗa baki suka dawo da kayan Alhaji a baro, wani ma ya aiko da saƙon cewa shi ba ya sayar da sabulun raina maza. Alhaji ya fara tunanin sallamar ma'aikata. Nan Kulu ta yafa mayafinta. Ita ba ta ce tallar ta yi kyau ba, ba ta ce ta yi muni ba, don a ganinta duk surutu ne na waɗanda ba su taɓa matse zani ba. Abin da ta sani shi ne, ba macen da ke zuwa barkar haihuwa hannu sake, kuma sabulu ne kan gaba a kayan barka. Ta bi dillalai gida-gida, ta bi uwayen adashi, ta sa aka riƙa naɗe Balbela cikin leda mai ado daidai kai wa mai jego. Gusau kuwa ba a rasa bikin suna. Kafin wani lokaci, in mace ta je barka ba da Balbela ba, sai a tambaye ta ko mijinta ne ya hana. Haka sabulu ya riƙa shiga gidaje ta hannun mata, bai bi ta kanti ko ɗaya ba, inji bai tsaya ba, ba a sallami kowa ba. Mutanen da suka rantse ba za su taɓa shi ba, da shi aka wanke rigunan da suke sawa su zo majalisa su zage shi.

Alhaji ya fara samun barci ke nan sai wata ta ɓullo. Kun san ɗan dambe ba ya shiga fage haka kawai, sai makaɗinsa ya buga masa takensa, ya kira shi, jikinsa ya tsuma. Makaɗin Guduma, wani tsoho Tunau, ya rataye kalangunsa a bango ya ce shi ba ya yi wa mai wankin tsumma kiɗa, sauran makaɗa kuma suka ce ba sa tsallake babba. Ɗan damben da ba a kiɗa masa kuwa an binne shi da rai. Guduma ya zo ƙofar Alhaji idanu jawur, ya ce in ba a buga takensa a wasan da ke tafe ba, zai shiga rediyo ya ce yaudararsa aka yi, shi bai taɓa wanki ba, kuma sabulun ma ya saɓule masa fatar hannu. Alhaji ya san in wannan magana ta fita, matan da suka ɗauki sabulun don Guduma su ne za su fara watsar da shi. Junaidu ya je wajen Tunau da dogon bayani a kan zamani, aka bar shi tsaye a rana. Kulu ta aika da goro da turmin atamfa, aka dawo mata da su.

Sai Nomau ya tashi, shi da ya fi kowa ƙin tallar nan, wanda tun ranar farko yake faɗa a fili cewa ƙanensa ya zubar musu da girman gida. Don haka ne ma Tunau ya shimfiɗa masa tabarma. Nomau ya ce, "Baba Tunau, wallahi ni ma abin nan bai yi mini ba, kuma gaban kowa na faɗa. Amma yaron nan tun yana sagi-sagi, ɗan koyon dambe, kake masa kiɗa. Ka taɓa ganin ya juya wa namiji baya? In wanki ya kashe masa hannu, fage zai nuna. Ka buga, ka bar fage ya yi hukunci." Ya yi ta zarya har tsohon ya sauko. Ran wasa da la'asar kalangu ya tashi, Guduma ya shigo yana kirari, rabin fili na ihun "Balbela!" don tsiya, rabi don yabo. Suka yi turmi uku da abokin karawarsa babu kisa, ba wanda ya kai wani ƙasa, aka raba su. Kowane ɓangare ya koma gida yana cewa gaskiyarsa ta fito. Guduma dai bai je rediyo ba, fushin maza ya koma zolaya, masu kantuna suka fara aiko yara a ɓoye a ba su katan bibbiyu.

Masana'anta ta miƙe, saura alkawari. Alhaji ya tara su, ya tambayi kowa abin da zai yi in ya hau kujerar. Junaidu ya ce ya riga ya tsara sabuwar talla, wannan karon direban tirela ne goye da jariri. Nomau ya ce ranar da ya hau, ranar zai sauke allon bakin tasha, don mai sabulu sabulu zai sayar, tarbiyya ta iyaye da malamai ce. Kulu ta ce su biyun sun dame ta, a bar talla in tana kawo ciniki, a cire ta ran da ta daina.

Alhaji ya cire hula ya dafe kai. Takaici ya cika shi, don duk wanda ya zaɓa ya zaɓi abin da sabulunsa zai riƙa faɗa wa mutane bayan ransa. Ba don Junaidu ba, da Balbela ya mutu shiru a sito. Ba don Kulu ba, da an kulle ƙofa tun gardama tana ɗanya. Ba don Nomau ba, da magana ɗaya a rediyo ta rushe aikin su biyun. Kujera kuwa ɗaya ce, kuma 'ya'yan nan uku suna zaune gabansa suna jira ya buɗe baki.

To, ku da kuka iya gardama, in ku ne Alhaji Labbo, wa za ku ba kujerar nan?