Haƙorin Kura a Goron Sadaka

Ga ta nan, ga ta nanku!
Ta zo mu ji, mu ƙaru.

Kura ba ta asuwaki. Kullum Kurege ya miƙa mata icen asuwaki sai ta ce, "Haƙorin fasa ƙashi, ina ruwansa da tsinke?"

Rannan surukinta ya rasu, ta je zaman makoki. Uwar mijinta ta miƙo goron sadaka, ta ce, "'Yar nan, gutsuro mini."

Kura ta gatsa, ta miƙa da ladabi. Tsohuwa ta duba, sai ga ruɓaɓɓen haƙorin Kura maƙale a goron, har da jini.

"Goro na roƙa, 'yar nan. Riƙe abinki."

Masu kuka suka fashe da dariya. Kura ta sunkuyar da kai, ta raɓi Kurege.

"Malam, da sauran icen nan?"

Ƙurunƙus kan ɓera, kowa ya nemi asuwakinsa.