Ƙarar Da Sai Da Safe Ake Jin Ta

Akwai wani bakanike da ake ji da shi a gareji, shi ma kuma yana ji da kansa. Inji na tashi zai faɗa maka ciwonsa, ko bonet bai buɗe ba.

Wata rana da tsakar rana, yayansa direban haya ya shigo da motarsa. Ya ce da safe in ya tada ta, sai ya ji ƙwas-ƙwas-ƙwas kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa, in ta yi zafi kuma sai ta yi shiru. Ga shan baƙin mai, ga hayaƙi na fita ta salansar motar.

Bakanike ya kasa kunne, inji lafiya lau. Ya yi dariya.

"Yaya, kunnenka ne ya tsufa, ba motar ba."

"Ka zo gida da safe ka ji ta da sanyinta. Ba zan tada ta ba sai ka zo."

Ya ce to, amma a ransa yana ganin ya wuce bin gidaje. Ya ɗura mata mai mai kauri, ya sallame shi. Bai je ba.

Ana nan, Yaya ya fita zai wuce wata babbar mota a kan hanya, baƙin man ya ƙone ƙarƙaf, inji ya buga. Motar da ke tahowa ta gabansa ba ta samu tsayawa ba, ta yi karo da shi. Ko asibiti ba a kai da shi ba.

Da aka jawo motar gareji, bakanike ya kwance injin da hannunsa. Fistin ya cinye har yana rawa a gidansa, ringi duk sun mutu. Abin da ko ɗan koyo zai gane, in da an saurara da safe.

Tun daga ranar, duk motar da aka tayar da sanyin safiya sai gabansa ya faɗi. Yana jin ƙwanƙwasar nan ko da inji sabo ne. Ya rame, ya daina dariya.

Da ƙyar ya iya tambayar matar yayan ko marigayin ya yi fushi da shi.

Ta ce, "Fushi? Kullum sai ya makara fita. Ya zauna a ƙofar gida da makulli a hannu, ya ce a bari tukuna, ƙanina na hanya."

Darasi: Ƙwarewa ba ta hana saurare. In naka ya ce yana jin wani abu, je ka ji tun yana nan. Ku tura wa wanda kuka san ana jiransa.